Manhajar waƙa: sauti take bi, ko sawun masu sauraro?

Bashir: Jama'a, ni ina nan a kan bakana. Idan waƙa ta ƙare manhaja ta ɗora maka wata mai kama da ita, sautin ta saurara. Ta auna saurin kiɗan, ta ji kayan kiɗa da muryar mawaƙi, sannan ta nemo 'yar'uwarta. In ba haka ba, yaya za a yi ta riƙa dacewa haka?

Hadiza: Malam Bashir, a nan muka rabu. Yawancin aikin ƙirga ne, ba kunne ba. A ce mutane da yawa sun saka wata waƙa a jerin waƙoƙinsu, kuma akasarinsu sun ajiye wata ta biyu kusa da ita. Manhajar ba ruwanta da ko ganga aka kaɗa ko gita. Ta ga suna tafiya tare, sai ta ɗauke su 'yan gida ɗaya. Kowane mai sauraro da kowace waƙa ana ba su jerin lambobi, waɗanda lambobinsu suka kusanci juna su ake haɗawa. Wannan dabara ta yi tashe ne a gasar da kamfanin fina-finai na Netflix ya buɗe a 2006, inda ya sa dala miliyan ɗaya ga duk wanda ya inganta hasashen fina-finan da mutane za su so, aka cinye ta a 2009. Kuma ka lura da kyau: sau nawa take haɗa maka waƙoƙi biyu da kiɗansu bai yi kama ba ko kaɗan, illa dai zamaninsu ɗaya? Waɗanda suka taso da su ne ke jin su tare, shi ke nan.

Bashir: To waƙar da aka ɗora yau da safe fa, wadda ba wanda ya taɓa ji? Sawun wa za a bi?

Usman: Tambayar nan ta Bashir tana da nauyi, Malama Hadiza, kada mu tsallake ta. Sabuwar waƙa ba ta da tarihi, dole a koma ga sautin. Spotify, mai manhajar sauraron waƙa, ya sayi kamfanin The Echo Nest a 2014, wanda aikinsa ke nan: ya auna saurin kiɗa da ƙarfinsa, ya kuma karanta abin da ake rubutawa game da mawaƙa a intanet. A shekarar ne kuma wani mai bincike, Sander Dieleman, ya gwada a Spotify wata hanya ta mayar da sauti hoto, a koya wa kwamfuta ta duba hoton ta yi hasashen irin mutanen da za su so waƙar. Pandora ma, wata manhajar waƙa a Amurka, mutane ta ɗauka tun 2000, masana kiɗa, su zauna su saurari kowace waƙa su siffanta ta da siffofi ɗaruruwa.

Hadiza: Na yarda, amma ka sake karanta abin da ka rubuta. Da me aka koya wa kwamfutar Dieleman? Da bayanan masu sauraro. Ko da ta duba sautin, tambayar da take amsawa ita ce su wa za su so wannan. Mutane ne dai a ƙarshen igiyar.

Zainab: Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne, kuma maganar Yaya Hadiza ce ta tono shi. Idan sawu ake bi, ai sawun giwa ya take na raƙumi. Waƙar da aka riga aka ji da yawa ita ke da bayanai, ita za a ƙara turawa, ta ƙara samun masu ji. Ƙaramin mawaƙi kuwa, a Spotify sai an kai daƙiƙa 30 kafin a ƙirga an ji waƙarsa, kuma idan 'yan farkon da aka tura wa suka yi ta tsallake ta, manhajar na iya ɗauka ba a so. Sannan akwai kuɗi a ciki. A 2020 Spotify ya sanar da Discovery Mode, inda mai waƙa zai yarda a rage masa kason da ake biyansa don a ƙara tura waƙarsa a wasu wurare, kamar rediyon manhajar. Mai sauraro yana zaton kama ce kawai ta kawo masa ita. Wannan yana damuna ƙwarai.

Usman: Gaskiya ne, Zainab, sai dai ko a can idan mutane suka ƙi waƙar ana janye ta.

Bashir: Na sauko kaɗan, amma ban sauka duka ba. Ga tsohuwar waƙa sananniya, na yarda ƙirga ne. Amma jerin Discover Weekly na Spotify, mai kawo waƙoƙi 30 duk Litinin tun 2015, ya sha kawo mini mawaƙan da masu jinsu ba su taka kara sun karya ba, kuma kiɗan ya yi daidai da abin da nake so. Malama Hadiza, wannan sawun su wa aka bi?

Hadiza: Na 'yan tsirarun nan da suka riga ka gano mawaƙin, Malam. Ka buɗe shafin mawaƙin, ka duba jerin waƙoƙin da mutane suka saka shi a ciki, ka ƙirga mana waƙoƙi nawa ne a ciki kai ma kake ji.