Kifin da aka sa na saki: yana raye ko ya mutu a ƙasan ruwa?

Baban Hanif, Wiskonsin:
Assalamu alaikum jama'a. Abin nan ya tsaya mini a rai tun ranar Asabar, gara in amayar da shi. Shekara uku ke nan ina bin wani abokin aikina Bature zuwa tabkunan arewacin jihar Wiskonsin ta Amurka neman kifin da suke kira maski. Dogo ne, bakinsa kamar na agwagwa amma cike da haƙora. Su da kansu suna masa kirari da kifin jifa dubu goma, don sai ka yini kana wurga ƙugiya kafaɗa ta sage ba ka ga ko inuwarsa ba. Ranar Asabar bayan la'asar Allah ya kawo nawa. Ya biyo kifin robar da ke jikin ƙugiyata har gindin jirgi, na tsoma sanda ina zagayawa da ita cikin ruwa kamar lamba 8 yadda aka koya mini, sai ya cafke. Inci 44. Dokar jihar ta ce daga inci 40 kana iya ɗaukar guda ɗaya a rana a yawancin tabkuna, har da wanda muke ciki. Amma mutumin nan bai ko bari na shigo da shi jirgi ba. Yana cikin raga a ruwa ya datse ƙugiya biyu da filaya, ya ce in ɗaga a ɗauki hoto, kafin in gyara tsayuwa ya ce in mayar. Da idona na ga jini a gefen bakinsa. Ya kwanta a gefe ɗaya, mutumin ya riƙe masa wutsiya ya fi minti biyar kafin ya motsa ya nutse. Wallahi kifin nan mutuwa ya je ya yi. Ni masunci ne tun ina yaro a bakin dam ɗin Tiga, na san kifin da ya gama. Wannan saki da suke yi yaudarar kai ce, ba su ci ba, ba su bar shi ya rayu ba. Maman Hanif har ta jajjaga attaruhu tana jira.

Ɗan Sarkawa, Yawuri:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, tsaya tukuna. Masunci ka ce? Yaron da ke zuwa fatsa bakin Tiga da tana a gwangwani ranar da babu makaranta, shi ne masunci? Su gado ne. Kakana a ruwa aka haife shi, a ruwa ya tsufa, har ruwan Kainji ya cinye garinsu a 1968. Ka ce kai mai sha'awar kamun kifi ne, babu wanda zai yi maka gardama.

Baban Hanif:
Yaya, ba wannan na kawo ba. Tambayata ita ce kifin ya rayu ko bai rayu ba.

Ɗan Sarkawa:
Ai kai ka kafa hujja da shi. Ka ce ka san kifin da ya gama saboda kai masunci ne. In tushen ya rushe ina ginin zai tsaya?

Maman Ilham, Miniyapolis:
Baban Hanif, sannu da haƙuri, na san zafin shekara uku. Amma da a nan Minesota ka kama shi ma babu zancen ɗauka, don mu sai ya kai inci 54, kusan santimita 137, tun 2015. Dalilin kuwa kifin nan ba shi da yawa a ruwa, kuma ba ya saurin girma. Manyan yawanci mata ne masu ƙwai, wadda ta kai inci 50 tana iya haura shekara goma sha biyar. In kowa ya ɗauki nasa, cikin 'yan shekaru tabkin ya koma sai ƙanana. Sannan ka duba takardar gargaɗin cin kifi ta jiharku. An hana yara da matan da ke shekarun haihuwa cin maski saboda sinadarin makuri da ke taruwa a jikinsa, tunda shi ma kifaye yake ci shekara da shekaru. Da ka kai gida, su Hanif da mamarsa kallo ya kamata su yi.

Bakano Mai Shago:
Hajiya ki bar wannan. Ni maganar Ɗan Sarkawa ce ta ɓata mini rai. Wato mu Kanawa ba mu da masunta? Su wa ke kawo kifin Tiga da Bagauda da Challawa kasuwa? Aljanu?

Ɗan Sarkawa:
Je ka tambaye su daga ina iyayensu suka zo. Ruwan da aka tare da siminti jiya jiya ba ya haifar da masunci.

Bakano Mai Shago:
To Kainjin da kake taƙama da shi da me aka tare shi? Da zana?

Injiniya, Otawa:
Don Allah a dawo kan magana, tambayar Baban Hanif tana da amsa, kuma a nan garinmu aka yi binciken. Masu bincike na Jami'ar Carleton sun bi masu kamun maski a kogin Otawa da kogin Rideau na Kanada, suka maƙala wa kifi 30 'yar na'urar rediyo bayan an kama su an saki, suka riƙa bibiyar su. Ko ɗaya bai mutu ba. An buga sakamakon a 2011. Sharaɗin shi ne waɗanda suka kama kifin sun san aikinsu, kuma duk abin da ka ce abokinka ya yi shi ne aikin. Ana barin kifin cikin babbar raga a ruwa don ya ci gaba da numfashi. Ƙugiyar da ta ƙi fita datse ta ake yi, ba a tsaya kokawa da ita a yaga masa baki. Ba a kwantar da shi a ƙasan jirgi don kada yauƙin jikinsa ya goge, yauƙin nan shi ne rigarsa daga cuta. In za a ɗaga shi sai a kwance, hannu ɗaya ya tallabi cikinsa, don in ka rataye shi a tsaye nauyinsa zai ji masa ciwo. Kwanciyar da ka ga ya yi gajiya ce, kamar wanda ya sha gudu. Jinin gefen baki kuma ba ɗaya ba ne da jinin da ke fita ta kunnuwansa inda yake shaƙar iska. Daga ina ka ga jinin ke fita?

Baban Hanif:
Daga gefen baki, inda ƙugiya ta shiga. Amma Injiniya, 30 kawai? Kuma na gwanaye? Duk wanda ke bakin tabki gwani ne?

Injiniya:
A'a, kuma ba zan ɓoye maka ɗaya ɓangaren ba. A Wiskonsin ɗinku an yi wani bincike da aka buga a 2007 kan wata tsohuwar dabara ta lokacin kaka, a sa ɗanyen kifi mai rai a ƙugiya guda, a jira maski ya haɗiye shi har ciki sannan a ja. Kifin yakan tafi garau in an yanke zare an sake shi, amma cikin shekara guda kashi 83 cikin 100 suka mutu. Shi ya sa jihar ta sauya doka, yanzu in kifin tarkon ya kai inci 8 sai da irin ƙugiyar da ke kama baki kafin a haɗiye. Zafi ma yana kashewa. A kogin James na Bajiniya an samu kusan ɗaya cikin uku na waɗanda aka kama da tsakiyar zafi sun mutu bayan saki, don ruwan ɗumi ba ya riƙe iska sosai. Da yawa daga masu wannan kamu suna ajiye sanda da zarar ruwa ya kai digiri 80 a ma'auninsu, kusan 27 a namu. Kai kuwa a watan Oktoba ka kama, ruwa da sanyi, da kifin roba, a baki.

Malam Abu Sumayya, Zariya:
Ni ko duka 30 ɗin sun rayu abin bai kwanta mini ba. Mutum ya tashi daga gida da niyyar huda bakin halitta, ya wahalar da ita, ya ɗauki hoto ya mayar. Hadisi ya tabbata a Muslim cewa kada a mayar da abu mai rai abin gwajin harbi. Ba fatawa nake bayarwa ba, amma masunci don abinci yake kamu, wannan shi ne uzurinsa a wurin Allah. Wanda ba zai ci ba me ya kai shi?

Ɗan Sarkawa:
Allah ya saka da alheri Malam. Masunci don ci da ciyarwa yake shiga ruwa. Wanda ya kama ya saki ba masunci ba ne, wanda aka sa ya saki ya yarda ma ba masunci ba ne.

Baban Hanif:
Yaya, jirgin nasa ne, motar tasa ce, awa huɗu daga gida. Dambe zan yi da shi a tsakiyar tabki?

Anti Bilki, Hambug:
Malam, ko Turawan ba bakinsu ɗaya ba. Nan Jamus dokar kare dabbobi ta ce ba a wahalar da dabba sai da dalili mai ƙarfi, kuma an sha kai mutane kotu kan kama kifi don hoto kawai. Suwizalan ma ta hana mutum ya fita kamu da niyyar saki. Abin da ake yaba wa mutum a kai a Amurka, a nan tara zai iya ja masa.

Maman Ilham:
Anti, amma ko a Wiskonsin in ka kama wanda bai kai inci 40 ba dole ka saki, ko ka so ko ka ƙi. To ashe sanin yadda ake saki ya rayu wajibi ne a kan kowa, har mai neman na miya.

Bakabe, Argungu:
Ina ta karantawa ina jinjina kai. Ana maganar kiyaye kifi kamar Amurka ta ƙirƙiro shi. Mu a kogin Matan Fada na Argungu ana hana su a wurin sai lokacin bikin kamun kifi, Sarkin Ruwa ke tsare da shi, shi ya sa ake fito da giwan ruwa mai kilo 78 kamar na 2020. Tun 1934 ake wannan biki, UNESCO ta sa shi a kundinta a 2016. In ana neman masunta na gaskiya a zo Kabi, gora da homa, babu inji babu roba.

Ɗan Sarkawa:
Su na kwana ɗaya a gaban gwamna da 'yan jarida? Mu kullum muna ruwa. Kuma ka manta 2008, da aka ƙwace kambun wanda ya zo na ɗaya bayan an gano mataccen kifi ya shigo da shi daga wani wuri?

Bakabe:
Su wa suka gano? Mu muka gano, masarauta ta hukunta. Ka iya bakinka. Mutum ɗaya ya yi abin kunya ba zai shafe shekara casa'in da ɗoriya ba. Ku Yawuri in ban da tseren kwalekwale me kuke nuna wa duniya?

Injiniya:
Irin wannan rigima har a can akwai ta. Maskin da Louis Spray ya ce ya kama a tabkin Chippewa Flowage na Wiskonsin a 1949, kilo 31 da ɗoriya, har yau ana jayayya kan girmansa, wasu sun auna hotunan sun ce bai kai ba. Gidan tarihin kamun kifi na garin Hayward ya tsaya a kan na Spray ne mafi girma a tarihi, ƙungiyar IGFA mai ajiye tarihin manyan kamu ta duniya kuma ta riƙe na wani Cal Johnson na wannan shekarar.

Bakabe:
Ka ji ko? Har Turawa. Amma Argungu kaɗai ake gani.

Malam Abu Sumayya:
Ni dai ba a amsa mini ba. Kafin Turawa su je wurin, mutanen ƙasar saki suke yi?

Maman Ilham:
A'a Malam, gaskiya ci suke yi. Sunan kifin ma daga harshen Ojibwe, 'yan asalin yankin, ya fito, kuma har yanzu suna sukar kifi da mashi da dare a farkon bazara bisa yarjejeniyoyin da suka yi da gwamnatin Amurka a 1837 da 1842, kotun tarayya ta tabbatar musu da haƙƙin a 1983. Amma su ma da ƙidaya suke yi, kowane tabki da adadin da aka yanka masa.

Ɗan Sarkawa:
To waɗannan su ne masuntan ƙasar. Da su Baban Hanif ya bi da tuni an ci an wanke hannu.

Bakano Mai Shago:
Har yanzu ba ka janye maganar da ka yi kan Kanawa ba.

Ɗan Sarkawa:
Ba zan janye ba.

Alhaji Shugaban Zaure, Birnin Kabi:
Jama'a dare ya yi, zan taƙaita in rufe. Abin da na fahimta: na ɗaya, bincike ya nuna kashi 83 cikin 100 na kifin da aka saki mutuwa yake yi, don haka Baban Hanif yana da gaskiya, an cuce shi. Na biyu, Malam ya kawo hadisi babu wanda ya iya ture shi, Jamus ma ta bi bayansa. Na uku, kowa ya yarda cewa tsarin Matan Fada ya fi duk wata doka ta inci. Maganar 2008 ba ta da alaƙa da abin da aka taru a kai, kuma ina roƙon Ɗan Sarkawa ya goge ta. Zancen waye masunci a bar shi, an san inda suke.

Maman Ilham:
Alhaji, da girmanka, ba haka aka ce ba. Kashi 83 ɗin na wanda ya haɗiye ƙugiya ne har ciki, Injiniya ya faɗa ƙarara. Na Baban Hanif a baki aka kama shi cikin ruwan sanyi, irinsa ne 30 ɗin da ba wanda ya mutu. Kuma ni ban ga inda kowa ya yarda da maganar Matan Fada ba, mutum ɗaya ne ya faɗa.

Baban Hanif:
Injiniya, in ka ga saƙon nan ka neme ni ta gefe. Mutumin ya ce mu koma Asabar mai zuwa kafin ruwa ya daskare, kuma ina so in san wace irin filaya ce ke datse ƙugiya da hannu ɗaya. Amma in ya kai inci 50 wallahi sai mun zauna mun yi magana ni da shi kafin ya koma ruwa.