"Da ruwan ciki ake jan na rijiya": ina ruwan cikin sabon manomi?

Tela Sabon Manomi: Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena, a taimaka a warware mini wata magana. An raba mana gado, na samu gona a wajen Bichi, ta kai hekta ɗaya da rabi. Ni ɗinki na sani, a Kano nake zaune. Wanda ke riƙe da gonar a da, dawa yake zuba mata kowace shekara ba taki, yanzu wuta-wuta, ciyawar nan da ke maƙale wa saiwar hatsi tana tsotse shi, ta cinye gefe guda. Na gaya wa kawuna zan ci bashi in sayi takin zamani in nome ta duka bana. Bai ce yi ba, bai ce bari ba, sai kawai ya ce, "Da ruwan ciki ake jan na rijiya." To cewa yake in ba ni da kuɗi in haƙura da noman, ko kuwa?

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam. Abin da ya ce ke nan, ya dai saya maka ne don kada ranka ya ɓaci. Mu a kasuwa haka muke faɗinta: da kuɗi ake neman kuɗi. Zauna ka lissafa. Huɗa kuɗi, iri kuɗi, taki kuɗi, 'yan ƙwadago a noman fari da maimai kuɗi, feshin wake kuɗi, ɗauko amfanin ma kuɗi. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin motar zuwa duba gonar kaɗai ya isa ya sa ka sake shawara. Ka ba da ita haya, ka riƙe kekenka.

Baba Na-Rumbu: Ɗan Kwari, ka ɗauki magana mai faɗi ka cusa ta cikin aljihu. Wanda ya taɓa jan guga a rijiya mai gaba ashirin ya san abin da ake nufi. Ruwa yana can ƙasa, naka ne, ba wanda ya hana ka, amma in ka zo da ƙishirwar da ta karya ka, ba za ka iya fito da shi ba. Abin da ke jikinka kafin ka zo, shi ne maganar. Ba a ce da ruwan maƙwabci ba, ba a ce da ruwan aro ba. Na ciki aka ce. Saboda haka ni a ganina, yaro, kawunka bashin ya soka, ba noman ba. Cewa yake ka dubi abin da ke hannunka, ka yanki gona daidai shi.

Ɗan Kwari: Allah ya ja kwana Baba, amma bashi hanji ne, yana cikin kowa. Shi ma ai a ciki yake.

Baba Na-Rumbu: Yana ciki, amma ba ya kashe ƙishi. Bashin da za a biya da kaka, a lokacin da hatsi ya fi arha a shekara ake biyansa. Ka sayar da dami a wulaƙance ka biya, ka dawo da marka ka sayi irin hatsin nan da tsada. Manoma nawa ke juyawa a cikin wannan ramin?

Inna Mai Harawa: Ku maza kuna ta kuɗi da bashi, kun manta tukunya. Ni tun ina yarinya in na ji wannan karin maganar, a kan abinci nake jin ta. Watan Agusta, ruwa na zuba, ciyawa ta taso, aikin gona ya kai maƙura, a lokacin ne rumbu ke ƙarewa. Magidancin da ba shi da na tuwo sai ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago gonar wani don ya samo na cefane. Kafin ya dawo ciyawa ta shaƙe tasa. Kaka ta zo ya samu kaɗan, baɗi ma haka. Ɗana, kai Allah ya rufa maka asiri kana da ɗinki. Kada ka rufe shago ka ce ka koma gona. Keken nan shi zai ciyar da kai har gonar ta koyi ciyar da kai.

Malamin Gona: Duk abin da aka faɗa yana kan hanya, amma ni in ƙara cewa ita ma ƙasar tana da nata ruwan cikin, kuma na wannan gonar ya ƙare. Wuta-wuta shaida ce. Ta fi yin ƙarfi a ƙasar da ta gaji, inda ake maimaita dawa ko gero ko masara ba hutu ba taki. Tushe ɗaya kan zubar da dubban 'ya'ya, ƙanana kamar ƙura, kuma suna iya kwana a ƙasa fiye da shekara goma suna jiran saiwar hatsi. In ka watsa takin zamani a irin wannan jigawa da ba ta da rai, ruwan sama zai wanke wani ya tafi da shi ƙasa, ka biya kuɗin buhu ka ci moriyar rabi.

Ga abin da zan ba ka shawara. Bana ka ɗauki kashi ɗaya cikin uku, ɓangaren da ya fi kyau, ka tara ƙarfinka a kai. Duk takin gida da za ka samu, can za shi. Inda wuta-wuta ta yi yawa kada dawa ta sake taka wurin bana, ka sa gyaɗa ko waken suya. Waken suya yana sa 'ya'yanta su tsiro, su rasa abin kamawa su mutu, ga shi kuma yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Wadda ta fito a cikin hatsi, a cire ta kafin ta yi fure, a fitar da ita daga gonar, kada a yar a kunya. A inda ka gyara kuma ka gwada tsarin da masu binciken IITA, wata cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, suka yaɗa a Kano: layi biyu na hatsi, layi huɗu na wake. Waken yana samun rana fiye da yadda yake samu in an cusa shi ƙarƙashin dawa, baɗi kuma sai ka sauya, hatsi ya hau inda wake ya tashi. Iri ka nemi ingantacce mai saurin nuna. Cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru a Zariya ce ke fitar da irin da sunansu ke farawa da SAM, kamar SAMPEA na wake da SAMNUT na gyaɗa. A gero akwai SOSAT, manoma da yawa sun san shi.

Malam Mai Alli: Malamin Gona, shawararka ta yi, amma ka ja karin maganar har ta kusa tsinkewa. Ruwan cikin mai ja ne, ba na rijiyar ba. In ka ce ƙasa ce ke da ruwan ciki, to wane ne mai gugan? Abin da kake nufi yana da nasa karin maganar: abin da ka shuka shi za ka girba. Waccan tana magana a kan sakamako, wannan tana magana a kan abin da ake buƙata kafin a fara. In muka bar kowa ya lanƙwasa magana yadda ya so, gobe yara ba za su san inda ake sa kowace ba.

Malamin Gona: Allah gafarta Malam, gero ne mai gugan. Da abin da ya samu a ƙasa makonnin farko yake yin saiwar da za ta nutsa ta jawo sauran. Shi ya sa a Sadore, kusa da Yamai, masu binciken ICRISAT, cibiyar binciken noma a ƙasashe masu ƙarancin ruwan sama, suka koyar da sa taki ɗan kaɗan a ramin shuka, cikin murfin kwalbar lemo, wajen giram 6 na takin zamani NPK, a gefe kaɗan don kada ya taɓa irin. Ba watsawa ake yi ba. Mai ƙaramin ƙarfi da ba zai iya buhu uku ba, wannan ya fi masa.

Malam Mai Alli: Murfin kwalba na karɓa. Fassarar dai ban karɓa ba.

Ɗan Maraɗi: Ku bar ni in sa baki daga wannan gefen iyaka. Mu nan mun ga mutanen da ba su da ko dala sun tayar da gonar da ta mutu, don haka maganar Ɗan Kwari ba ta zauna mini ba. A da, in za a yi sassabe, duk wani toho da ya fito daga kututture sai a sare a ƙone, gona ta zama fili fetal, iska ta kwashe ƙasa, rairayi ya binne shuka har sai an sake. A 1983 wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a nan Maraɗi, ya lura cewa waɗannan tohon ba ciyayi ba ne, itatuwa ne masu saiwa da rai a ƙasa. Abin da ake yi kawai, a zaɓi rassa ƙwarara kaɗan a kowane kututture a bari, a datse sauran, a kare su daga dabbobi da masu sara. Shi muke kira sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5 a Nijar, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. Kayan aikinsa adda ce ko wuƙa.

Ɗan'uwa, kafin ka sa kowa ya share maka gonar, ka zaga ta da ƙafarka. In ka ga ɗan gawo, ka kewaye shi da ƙaya. Gawo da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa gero inuwa, da rani kuma dabbobi na kwanciya ƙarƙashinsa suna cin 'ya'yansa suna bar maka taki. Je ka dubi geron gindin gawo ka dubi na nesa da shi, ba sai an yi maka bayani ba. Sabara da kalgo ma kada a tumɓuke su duka, suna tare ƙasar da iska ke ɗauka. In kuma akwai faƙo, inda ruwa ke gudu ba ya shiga, mutanen Illela a jihar Tawa tassa suke yi: ramuka da rani, faɗin kamar taƙi ɗaya da ɗan ƙari, a tara ƙasar a gefen gangare, a zuba taki cikin tafin hannu ɗaya ko biyu. Gara ta shiga ta huda ƙasar, ruwan farko ya taru a ramin, a shuka a ciki. Aiki ne mai cin ƙugu, ban ɓoye maka ba.

Ɗan Kwari: To wa zai haƙa masa ramukan? Tela ne fa, yana Kano. Ko ya bar ɗinkin Sallah ya tafi, ko ya biya wani. Kun ga mun dawo kan kuɗin nan dai.

Baba Na-Rumbu: A nan kam ka faɗi gaskiya. Gonar da mai ita ke gani sau ɗaya a wata, ta mai gadi ce. Shi ya sa ma na goyi bayan ya rage. Abin da zai iya zuwa ya duba duk Juma'a ya tsaya a kansa. Sauran ya ba wani ɗan'uwa aro da sharaɗi a gaban shaidu: gyaɗa ko wake za a sa, ba a sare toho, ba a kwashe kara duka. Kuma a faɗa masa shekara nawa, don ba wanda zai kai mangalar taki gonar da za a karɓe baɗi.

Tela Sabon Manomi: Na gode, Allah ya saka da alheri. Takin gidan ne ban san inda zan samo ba. Ba ni da ko akuya. An ce in sayi sharar bola daga birni.

Inna Mai Harawa: Ta bolar yanzu rabinta leda ce da batir da fasassun kwalabe, in za ka saya sai an tsince. Mutanen karkarar Kano sun daɗe suna ɗaukar takin birni a kan jakuna, amma bolar da ba irin ta yau ba ce. Bana ka saya daga turken masu awaki a ƙauyen, wanda ya kwana ya ruɓe, a kai tun da rani a jibge tsibi-tsibi. Ɗanyen kashin kaji kada ya kusanci shuka, ƙona ta yake. In kaka ta yi, harawar wake da ta gyaɗa kada ka sayar wa masu kiwon birni ko sun matsa. A naɗe ta tun tana kore, a ɗora a kan rufi ko a reshen bishiya inda raɓa da gara ba sa kai mata. Sannan ka sayi awaki mata biyu ka ba wata a gidan kawun naku kiwo, ku yi sharaɗin 'ya'ya, takin turken kuma naka. Waken ma kada ka kai kasuwa da kaka. Ya bushe sarai, ka zuba a buhun PICS, buhun ajiyar hatsi mai ruɓi uku da leda a ciki, ka matse iskar ka ɗaure kowane ruɓi daban, ba sai ka sa magani ba. Ka ɗora buhun a kan katako nesa da bango saboda ɓera, don in ya huda ledar aikin ya ɓaci.