Sikwat ɗina ya cije a kilo 100: bel zan saya ko me?

Sani, Agege: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin manya. Sikwat ɗina, wato tsugunno da tashi da sandar ƙarfe a kafaɗa, ya cije a kilo 100, tun kafin azumi ban ƙara komai a kai ba. Nauyin jikina kilo 74 ne. In na matsa ina yin biyar, amma a na ƙarshe sai ƙirjina ya rusuna gaba, ɗuwawu ya riga kafaɗa tashi, washegari ƙugu ya riƙe ni. A inda nake ɗaga ƙarfe kusan kowa da bel, wasu har da naɗin gwiwa mai kama da bandeji. Wani ya ce in na ɗaura su duka zan tashi da 130 nan take. Ɗan kuɗin da na tara abu ɗaya zai saya. Bel, safar gwiwa, ko takalmi?

Bala, Mile 12: Wa'alaikumus salam. Bel kawai, kada ka tsaya dogon tunani. Mu nan masu sauke buhun albasa daga tirela ba wanda ke fara aiki bai ɗaure ƙugu da ƙyalle ba. Ƙugu shi ne jarin namiji.

Koci Ɗanladi, Surulere: Sani, kafin maganar saye, amsa mini uku. Ina kake tsayawa in ka sauka? Me ke ƙafarka? Kuma faifan da kuke sa wa sandar, na ƙarfe ne ko na siminti?

Sani, Agege: Koci, ina sauka har cinya ta kusa miƙewa daidai da ƙasa. Kambas na gudu nake sawa, mai soso a ƙasa. Faifai kuwa gauraye ne, biyu na ƙarfe, sauran siminti ne da mai wurin ya zuba da kansa ya rubuta musu lamba da fenti.

Usman, Obalende: To ai nan ma akwai magana. Faifan siminti lambar da ke jikinsa ba ita ce nauyinsa ba. Wani an rubuta 20 amma bai kai ba, wani ya wuce, kuma in gefensa ya ɓantare ya ƙara raguwa. In na hannun dama ya fi na hagu nauyi, ƙugunka ne zai biya bambancin, kai kuma ba ka san daga ina ciwon ya fito ba. Ku ɗauki faifan nan ku kai wurin 'yan gwangwan, ba a rasa su a Agege, suna da sikeli. A auna kowanne a sake rubuta masa gaskiyarsa, sannan a haɗa su biyu-biyu masu nauyi ɗaya. Sandar ma a auna ta. Ta gasa kilo 20 ce, amma bututun da mai walda ya yanka Allah kaɗai ya san nauyinsa sai an ɗora a sikeli.

Koci Ɗanladi, Surulere: Usman ya gama wannan ɓangaren. Sani ƙanena, saurara da kyau, don abin da ka kwatanta na san shi sarai.

Farko takalmin. Soson nan an yi shi ne don ya lotsa in kana gudu. Da kilo 100 a wuyanka kuwa lotsawar nan ita ke sa ƙafa rawa, diddige ya karkata, gwiwa ta faɗo ciki. Gobe ka cire shi, ka yi da safa kawai in daɓen ba ya santsi, ko ka nemi takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa mai tauri. Wannan ba ya cin ko sisi. Takalmin ɗaga ƙarfe na ainihi yana da dunduniya mai tauri wajen santimita 2, amfaninsa ga wanda idon sawunsa ba ya lanƙwasuwa sosai. Ka gwada kanka: tsaya gaban bango, babban yatsan ƙafa nesa da bangon kamar faɗin tafin hannu, ka tura gwiwa ta taɓa bangon ba tare da diddige ya ɗaga ba. In ta taɓa, ba ka da buƙatarsa yanzu. Yawancinmu da muka tashi muna tsugunno tun yarinta ba mu da wannan matsalar.

Na biyu numfashi, kuma nan ne nake zargin ciwonka yake. Mutane sun ɗauka bel yana riƙe baya ne kamar yadda ake ɗaure karaya. Ba haka yake aiki ba. Kafin ka sauka za ka ja iska ka cika ciki, ba ƙirji ba, har ka ji gefen haƙarƙari da bayan ƙugu sun buɗe, sannan ka ƙanƙame cikin kamar wani zai naushe ka, ka riƙe har ka sauka ka taso ka wuce wurin da ya fi wuya. Tayar mota ce: mai iska tana ɗaukar lodi, wadda ta sace sai ta kwanta. Bel bango ne kawai da cikin zai tokara da shi don iskar ta ƙara ƙarfi. Wanda bai iya cika ciki ba, ko bel na nawa ya ɗaura, ado ya yi.

Sa hannuwanka biyu a gefen ƙugu, yatsu a gaba, babban yatsa a baya, ka ja numfashin. In yatsun ba su ture waje ba, kafaɗa kawai ta ɗaga, to ga aikinka na makon nan.

Bala, Mile 12: Koci, da girmanka, amma ni na ji an ce wanda ya saba da bel naman cikinsa mutuwa yake yi. Shi ya sa nake ganin in ya saya ya riƙa sawa a manyan kaya kawai.

Koci Ɗanladi, Surulere: Malam Bala, ƙarshen maganarka daidai ne, farkonta ne ban yarda ba. Ciki ba ya hutawa don an sa bel, tura shi yake yi da ƙarfi. Abin da ke lalata mutum shi ne ya ɗaure shi tun daga ƙofa, ya yi ɗumin jiki da shi, ya ɗaga ƙaramin ƙarfe da shi, har ya manta yadda ake ƙanƙame ciki babu shi. Ni yarana ba sa taɓa bel sai kaya ya kai kamar kashi 80 cikin 100 na iyakar abin da suke iya ɗagawa sau ɗaya. Duk abin da ke ƙasa da haka, ciki tsirara.

Shi kuma mai cewa 130 nan take, naɗin gwiwa yake nufi. Gaskiya ne yana ƙara kilo, domin roba ce ake naɗewa tamau, in ka sauka ta miƙe ta cillo ka sama. Amma ƙarfin na robar ne, cinyarka tana nan yadda take. Kuma yana danne ƙoƙon gwiwa, yana canja yadda kake sauka. Ko a gasa rukuninsu daban. A dokar IPF, hukumar wasan ta duniya, masu ɗagawa ba tare da kayan taimako ba bel da safar gwiwa da naɗin wuyan hannu aka yarda musu, ban da naɗin gwiwa. Ray Williams na Amurka ya yi sikwat da kilo 490 a 2019 a wannan rukunin. To me mai kilo 100 zai yi da bandeji?

Alhaji Musa, Apapa: Ni dai na haura hamsin, kuma abin da na fi jin daɗinsa safar gwiwa ce. Ba don ƙarin kilo ba. Tana riƙe ɗumi, gwiwa ba ta ƙara in na sauka, musamman da asuba lokacin damina. Amma kai yaro ne Sani, in gwiwarka ba ta ciwo ka bar kuɗinka. In kuma za ka saya wata rana, mai kaurin milimita 7 ita ce ta masu sikwat, mai 5 ta fi sauƙin sawa. Ka auna zagayen gwiwarka da tef ɗin tela kafin ka je. Sannan zufar Legas ba ta da tausayi: in ka gama ka juya cikinta waje, ka wanke da ruwan sanyi ka shanya a inuwa. Ka bar ta cikin jaka kwana biyu, ba mai iya zama kusa da kai a danfo.

Anti Rabi, Idi-Araba: Salamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ina ɗaga ƙarfe, don haka ku bar ni in sa baki. Riƙe numfashin da Koci ya koyar daidai ne, amma yana harba hawan jini sama sosai na ɗan lokacin, bel kuma yana ƙara shi. Ga mai lafiya ba damuwa. Wanda ke da hawan jini, ko ciwon zuciya, ko ƙaba, ko aka taɓa yi masa aiki a ciki, ya ga likita tukuna. Alhaji, da kai nake musamman, a riƙa gwada jini. Da yawa suna yawo da shi ba su sani ba saboda ba ya ciwo.

Sani, ciwon ƙugun naka in gajiyar nama ce da ke sakinka bayan kwana ɗaya ko biyu, gyaran tsayuwa zai magance shi. In kuwa yana sauka ta ɗuwawu zuwa ƙafa kamar wutar lantarki, ko ƙafa na dindiris, ko ka ga kumburi a mara ko cibiya in ka yi tari, ajiye ƙarfen ka je asibiti. Kada ka rufe shi da bel. Kuma don Allah, don Annabi, ku rabu da tiramol kafin motsa jiki. Ciwo saƙo ne, in ka kashe shi da ƙwaya za ka ci gaba da yaga abin da ya fara yagewa, ga jarabar da ke biyo baya. Muna ganin samari da wannan matsalar, abin ba daɗin gani.

Alhaji Musa, Apapa: Na karɓa Hajiya, Allah ya saka da alheri. Ina da na'urar a gida.

Sani, Agege: Anti, ba ya sauka ƙafa, alhamdu lillahi. Koci, to yaya zan yi da kilon da ya tsaya?

Koci Ɗanladi, Surulere: Za ka koma baya, kuma na san ba za ka so jin haka ba. Bayan an auna faifan, ka sauko zuwa 80. A dokar gasa sai mahaɗar cinya da ƙugu ta sauka ƙasa da saman gwiwa kafin a ƙirga. "Ta kusa miƙewa" da ka ce, ba a ƙirga shi. Ka jingina waya a ƙasa daga gefe, daidai tsayin gwiwa, ka ɗauki kanka ka gani da idonka.

Sau biyu a mako. Rana ta farko biyar-biyar sau biyar, hutun minti 3 zuwa 5 tsakani, ba hutun da kuke yi na minti ɗaya don wani na jiran sanda ba. Rana ta biyu ka rage kaya, ka sauka ka tsaya a ƙasa ka ƙirga biyu, ciki a ƙanƙame, sannan ka taso. Wannan tsayuwar ita ke gyara ɗuwawun da ke riga kafaɗa tashi. In za ka taso ka tura bayanka cikin sandar, gwiwa ta bi saitin yatsun ƙafa. Kowane mako ƙara kilo 2.5 kacal. Matsalar wurarenmu ba ƙananan faifai, daga 10 sai 20, shi ya sa mutum ke tsalle daga 100 zuwa 120 ya kasa ya ce ya cije. Ka sa mai walda ya yanka maka ƙarfe biyu masu kilo ɗaya da kwata kowanne, ka riƙa zuwa da su a jakarka. In ka kasa cika biyar ɗin mako biyu a jere, rage kashi 10 cikin 100 ka sake hawa.

Kuma kada ka shiga ƙarƙashin kaya mai nauyi sai da ƙarfen tsaro a gefe biyu, ko mutum biyu a bakin sandar da suka san aikinsu. Ba mai riƙe waya ba.

Anti Rabi, Idi-Araba: A ƙara da ci da barci. Mai neman ƙarin ƙarfi yana buƙatar furotin wajen giram 1.6 a kan kowane kilo na jikinsa, kai ke nan kusan 120 a rana. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, ka ga ba zai isa shi kaɗai ba. Wake, awara, kifi, gyaɗa, nono, nama in ya samu. Ba sai ka sayi garin furotin na gwangwani mai tsada ba. Wanda ya kwana a cunkoson Oshodi ya yi barcin awa huɗu, ya karya da shayi da burodi, kada ya ɗora wa rashin bel laifi.

Usman, Obalende: In lokacin bel ɗin ya yi, ka duba kasuwar Katangowa tunda kusa da kai take, akan dace da na gwanjo mai kyau. Ka guji mai faɗi a baya siriri a gaba, tunda gaban ne ciki ke turawa. Ka lanƙwasa shi ka duba ko fatar ta tsattsage wajen ramukan, ka ja ƙarfen maɗaurin da ƙarfi.

Isiyaku Baduku, Agege: Ko kuma a ɗinka masa. Ina aikin fata, na taɓa yi wa wasu. Koci, faɗa mini awon da ake so.

Koci Ɗanladi, Surulere: Madalla. Faɗi santimita 10 daga farko har ƙarshe, shi ne iyakar da IPF ta yarda, kauri kuma kada ya wuce milimita 13. Ga mai jikin Sani milimita 10 ya isa, mai 13 zai ci masa haƙarƙari. Fatar saniya, ba ta akuya ba, ba soso a ciki. Maɗauri mai harshe ɗaya ya fi sauƙin kwancewa in mutum na haki. In ya ɗaura, yatsu su iya shiga tsakanin bel da ciki, don a bar wa iska wuri. Sai dai ka sani, in wata rana zai shiga babbar gasa, akan nemi kayan kamfanonin da hukumar ta amince da su. Na atisaye kuwa naka ya wadatar.

Sani, Agege: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Asabar zan kai faifan sikeli, in cire kambas, in koma 80. Malam Isiyaku, in na dawo 100 da cikakken tsugunno zan zo shagonka.

Isiyaku Baduku, Agege: Allah ya kai mu. In za ka zo kada ka ba ni lambar wandonka, ba a nan bel ke zama ba. Ka auna daidai cibiya, a kan rigar da kake motsa jiki da ita, ciki a sake. Zan huda ramuka goma, awonka ya faɗa a tsakiyarsu. Kuma ka tanadi ƙusa a bango inda iska ke ratsawa, don fata in ta sha zufa aka cusa ta a jaka, da damina fumfuna take yi.