Tsakanin darakta da ma'aikata: yaya shugaban reshe zai yi aiki da kwanciyar hankali?

Ɗan Adar, daga Tawa:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe suna riƙe da mutane a wurin aiki. Ni ne shugaban reshen Tawa na wani kamfani mai rarraba kayan masarufi wanda babban ofishinsa yake Yamai, kuma a ƙarƙashina akwai masu sito, direbobi, ma'aji da masu zagaya kasuwannin Madawa, Ƙonni, Buza da Illela. Umarni yakan zo mini ta waya, sau da yawa bayan la'asar, a ce a ƙara yawan kayan da za a sayar ko a rage kuɗin mai, ba tare da an tambaye ni halin da hanya take ciki ba. Idan na isar wa ma'aikata, ni suke ɗauka mai takura musu. Idan na mayar wa darakta kokensu, sai a ce na zama mai magana da yawunsu. Ba ni da ikon ƙara albashi ko ɗaukar ma'aikaci, amma duk abin da ya lalace ni ake tuhuma. Ina son aikina kuma ba na tunanin barinsa, sai dai na fara rasa barci. Yaya mutum zai zauna a wannan matsayi ya yi aiki mai kyau, zuciyarsa kuma ta huta?

Tsoho na Yantala, daga Yamai:

Wa alaikumus salam ƙanena. Na yi shekaru ina kula da sashen ma'aikata kafin in yi ritaya, kuma abin da ka bayyana shi ne halin kusan duk wanda aka ɗora wa nauyi ba a faɗa masa inda ikonsa ya tsaya ba. A ganina daga nan ya kamata ka fara. Ka nemi zama da darakta a lokacin da ba wata rigima a ƙasa, ka roƙe shi ya rubuta maka abin da za ka iya yanke wa hukunci kai kaɗai, da abin da sai ka sanar da shi, da abin da ba naka ba ne sam. Yawancin damuwar da take hana ka barci a kan wannan kashi na ƙarshe take, alhali ba kai Allah ya ɗora wa shi ba.

Sannan duk umarnin da ya zo ta waya, ka mayar da shi rubutu kafin ka kwanta. Saƙo gajere ya isa, cikin ladabi: ranka ya daɗe, na fahimci ana so a rage kuɗin mai a wannan wata, kuma idan aka yi haka motar Buza za ta koma zagaye ɗaya a mako, shin in ci gaba? Da wannan ka bar masa zaɓi tare da sakamakonsa, kuma ba ka yi masa gardama ba. Darakta da yake zaune a unguwar Plateau ta Yamai bai ga yadda hanya take lalacewa da damina ba, bai kuma san cewa ranar kasuwa ce take tsara tafiyar motoci ba. Kai ne idonsa, kuma shugaba mai hankali ya fi daraja wanda yake kawo masa lissafi a kan wanda yake kawo masa kuka kawai.

Ka kuma riƙe dokar aiki ta Nijar ta 2012 a kusa da kai, domin tana kare ka kamar yadda take kare su. Ta tsayar da awa 40 a mako, abin da ya wuce haka aikin ƙari ne da ake biya, kuma ma'aikaci yana tara hutun kwana biyu da rabi a kowane watan aiki. Mafi ƙarancin albashi ya koma jika 42 na sefa a wata tun farkon 2024. Idan aka matsa maka ka sa mutane aikin da ya saɓa wa wannan, ko aka yi jinkirin zuba musu kuɗin CNSS, wato asusun ƙasa na fansho da kariyar ma'aikata, ka nuna wa na sama cewa maganar za ta iya kaiwa gaban sufeton ƙwadago, kuma kamfani ne zai ji kunya. Wannan hujja ta fi tausayi saurin shiga kunnen masu kuɗi.

Hajiya Mai Sashe, daga Yamai:

Baba na Yantala ya faɗi gaskiya game da na sama, amma ina ganin takarda ba za ta gyara tsakaninka da na ƙasa ba, Malam. Ina shugabantar sashe a wata ƙungiyar agaji, kuma kalmar da na fi gargaɗin shugabanni a kanta ita ce: ba ni ba ne, daga Yamai aka ce. Tana da daɗin faɗa domin tana sauke nauyi nan take, amma duk ranar da ka furta ta, ka shaida wa mutanenka cewa kai ɗan aike ne, gobe kuma za su tsallake ka su nemi mai maganar. Ka yi jayayyarka a sama gwargwadon iyawarka, idan an yanke hukunci ka zo ka faɗe shi da bakinka, ka bayyana dalilin da aka ba ka, ka kuma faɗa musu abin da ka nema aka hana.

Abin da yake hannunka ya fi yadda kake zato yawa. Direban da ya dawo daga Madawa cikin zafin watan Afrilu, rigarsa ta jiƙe, ya tarar ka ajiye masa ruwan sanyi kuma ka sa an sauke kayan ba tare da ya jira mai sito ya dawo daga masallaci ba, ba zai manta ba. Tsara hutu da adalci, halartar suna da jana'iza, ambaton sunan wanda ya yi ƙoƙari a cikin rahoton da kake aikawa Yamai, duk ba sa buƙatar izinin kowa. Kuma idan laifi ya faru, ka kira mutum ofis ku biyu kafin ka ba shi takardar neman bayani, domin a ƙasarmu wulaƙanci a gaban jama'a ya fi yankan albashi ciwo.

Game da barci kuwa, ka sanar da kowa, har da darakta, cewa bayan isha'i ba ka ɗaukar waya sai ga haɗari ko sata, ka kuma ɗauki naka hutun na shekara. Reshen da ba zai iya yin mako uku ba tare da kai ba, akwai gyara a tsarinsa.

Magatakarda, daga Tawa:

Ni ƙaramin ma'aikaci ne, zan yi magana daga ɓangarenmu. Mun san shef, wato shugaban reshe, ba shi ne yake ƙara albashi ba, kuma ba ma neman ya yi abin da ya fi ƙarfinsa. Abin da yake kashe mana gwiwa shi ne a canza tsari ba a gaya mana ba, ko mu ga ɗan garin shef ko surukinsa ya makara ba a ce masa komai ba. Yallaɓai, idan mutanenka sun tabbata ma'auni ɗaya kake yi wa kowa, za su jure umarni mai nauyi daga gare ka.

Ɗan Adar, daga Tawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, tambaya ɗaya ta rage mini: idan darakta ya ɗauki saƙon da nake rubutawa a matsayin rashin yarda da shi fa?

Tsoho na Yantala, daga Yamai:

Zai iya ɗaukarsa haka da farko, shi ya sa za ka gaya masa baki da baki kafin ka fara, cewa nisan da yake tsakanin Tawa da Yamai da yawan yankewar waya ne suka sa kake son tabbatar da abin da ka ji. Kada ka sa kowa a cikin saƙon sai shi kaɗai, kada kuma ka taɓa fito da tsohon saƙo don ka kunyata shi a taro. Idan wata uku suka wuce kana haka amma har yanzu yana ƙin amsawa a rubuce, yana kuma ɗora maka laifin abin da shi ya umarta, to ka rubuto mana, sai mu yi maganar yadda ake neman sauyin wurin aiki ba tare da an ɓata da kowa ba.