Baƙin mai a gindin filogi: in yarda a sauke inji ko in dakata?

Mai Jan Babur: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Babur ɗina mai bawul ne, silinda ɗaya. Kwanan nan na lura baƙin mai na taruwa a gindin filogi, ƙura ta manne ta yi kirtif. Ba ya hayaƙi, kik ɗaya yake tashi, gejin mai ma bai wani sauka ba. Bakanike ya leƙa kawai ya ce a sauke inji a canja ringi. Babur ɗin nan shi ne ƙafata. In yarda?

Dogon Zango: Ringi ne, kada ka ɓata lokaci. Nawa haka ya fara, shuɗin hayaƙi ta salansa, sai ƙarin mai kullum.

Tsohon Hannu: Malam, ka karanta kuwa? Ya ce ba hayaƙi. Ɗan'uwa, abu biyu ne. In ringi ko robar bawul ta gaji, mai yana shiga inda wuta ke ci, sai ka ga bakin filogi ta ciki ya jiƙe ya yi baƙi, salansa na shuɗin hayaƙi. In kuma ta waje mai yake, daga sama yake gangarowa, galibi gaskit, wato shimfiɗar da ke hana yoyo a bakin murfin bawul, shi ne ya bushe. Ka wanke injin da kananzir, ya bushe, ka barbaɗa hoda a kewayen murfin, ka yi tafiyar minti 10 zuwa 15. Inda hodar ta fara jiƙewa, nan ne. Ka tuna iska na tura mai baya, inda ya taru ba lallai nan ya fito ba.

Wanda Ya Gani: Kada ka bari kowa ya taɓa maka injin nan! Ni ɗan naso ne kamar naka. Aka sauke, aka canja ringi, aka mayar, mai bai daina ba. Na koma, sai yaron shagon ya kwance filogi injin na da zafi, ya mayar a karkace, ya ɗaure da sifana da ƙarfin tsiya. Kan inji alminiyom ne, haƙoran ramin suka cinye. Ina tafe filogi ya yi tsalle da hularsa. Aka gyara ramin, sannan aka lafta gam a murfin bawul kamar ana yaɓe. Gam ɗin ya gutsure ta ciki ya toshe hanyar mai, saman injin ya bushe, kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, ya ci. Daga ƙarshe mun gano bututun da inji ke numfashi ne ya toshe tun farko, iska ta rasa mafita tana turo mai ta gaskit. Abin da za a busa a wuce. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Dogon Zango: Allah ya mayar da alheri. Amma naka sakacin yaro ne.

Wanda Ya Gani: Maigidansa na tsaye a wurin, Oga.

Ɗan Raha: Ka bar shi kawai, babur mai tsatsafo mai ba ya tsatsa.

Bakanike Ne Ni: Ku riƙa mana adalci. Mutum zai cika mai ya wuce layin sama na geji, ya zo yana cewa inji na yoyo. Mai Jan Babur, duba wannan tukuna. Sannan ka taɓa filogin da safe, in ya saki, hayaƙin da ke sulalewa ta gindinsa yana barin baƙin maiƙo mai kama da yoyo. Da hannu ake fara ɗaura shi har ya zauna, sabo a ƙara kamar rabin juyi, wanda aka taɓa ɗaurawa kuwa ɗan kaɗan. Kuma ka goge man da dattin kafin ka cire, kada su faɗa cikin silinda. Gaskit ɗin murfi abu ne mai araha, aikin bai kai awa ba.

Dogon Zango: Araha a wurin wa? Ni kuɗin aiki ya ninka na gaskit ɗin, kuma wata bai cika ba ya sake naso.

Wanda Ya Gani: Shawarar bakanike a kan bakanike? Mu da aljihunmu ya ji a jika mu za a saurara.

Tsohon Hannu: Haba Malam, shi ma cewa ya yi kada a sauke. Dogon Zango, jabun gaskit aka sa maka, ko an matse kusoshin gefe ɗaya murfin ya karkace.

Dogon Zango: To ta ina mutum zai gane na asali? Kwali ɗaya, tambari ɗaya. Filogi ma haka, sunan kamfanin NGK aka rubuta a jiki, sati biyu ya mutu.

Bakanike Ne Ni: Wannan kam mu ma yana ci mana tuwo a ƙwarya. Mu ɗaura, ya lalace, a ce hannunmu ne.

Mai Jan Babur: Na cire filogin, cikinsa a bushe yake, launin ƙasa-ƙasa. Gobe zan gwada hodar. Amma man ya ɗan wuce layin sama, in rage kafin in gwada ko bayan?

Wanda Ya Gani: Wane mai ma kake zubawa? Don jabun mai ya fi jabun filogi yawa yanzu.