HRV ɗin ƙanwata ya yi ƙasa, kuma tana da lalurar ci ba ƙaƙƙautawa

Maman Hanifa, Agege:
Assalamu alaikum. Likita ya ce ƙanwata, mai shekara 34, tana da lalurar ci ba ƙaƙƙautawa. Sai ta wuni ba ta sa komai a ciki ba, da dare kuma ta cinye abincin mutum uku, ta kasa tsayawa. Agogon hannunta mai auna bugun zuciya yana nuna HRV 22, na mijina kuwa 50. Zuciyarta ce ta taɓu?

Malam Sani, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Maman Hanifa, kada ki gwada nata da na wani. HRV bambancin tazara ne tsakanin bugun zuciya da mai bi masa, ana auna shi da milisakan. Idan jiki ya huta bambancin yana ƙaruwa, idan yana cikin wahala sai bugun ya tafi bai ɗaya, lambar ta sauka. Shekaru ma suna rage ta, kuma kowa da tasa.

Wanda ya cika ciki ƙarfe goma sha ɗayan dare ya kwanta, zuciyarsa na gudu yayin da hanji ke aiki, to dole lambar daren ta faɗi. Haka zazzaɓin maleriya, rashin barci, ƙarancin ruwa a jiki, har goro da kofi da yamma. Ta riƙa aunawa da asuba, bayan ta yi fitsari, kafin shayi, a zaune, minti 5 ba motsi ba magana. Ta rubuta na mako 2, ta sa alama a dararen da abin ya taso mata. Madaurin ƙirji ya fi agogo daidai, domin agogo da haske yake karanta jini, in ya yi sako-sako sai ya shirga ƙarya.

Hajiya Binta, Mile 12:
Malam ya yi bayani, amma ni ba agogon ne ya dame ni ba. Abin da ke cin zuciya a wannan lalura shi ne abokan tafiyarta. A auna hawan jini, 140/90 ko sama a ranaku daban-daban matsala ce. A gwada suga kafin karin kumallo, 126 mg/dL ya kai ciwon suga, kuma sugan da ya daɗe yana lalata jijiyoyin da ke saita bugun zuciya. A duba kitsen jini, a yi ECG, wato gwajin bugun zuciya da na'ura. Ki saurari barcinta: minshari mai ƙarfi da ɗaukewar numfashi ma suna tayar da hawan jini.

Kuma babbar lamba ba kullum ce lafiya ba. Bugun da ya rikice yana kumbura ta, haka ake ganinta sama ga masu horar da kansu da yunwa. Idan tana tilasta amai ko shan maganin gudawa, wannan wata lalurar ce daban, a gwada sinadarin fotasiyam. Ciwon ƙirji, suma ko haki kuwa, asibiti nan take.

Abu Yasir, Obalende:
Wunin yunwar nan shi ke kunna cin dare, ga gosulon Legas mai mayar da mutum gida a galabaice. Abinci sau 3 da ɗan abin taɓawa sau 2, kada tazara ta wuce awa 4, ko gyaɗa ce ta sa a jaka. Maganin farko zama ne da masanin halayyar ɗan Adam, kuma akwai su a asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba da asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH). Maganin lisdexamfetamine da Amurka ta amince da shi don wannan lalura a 2015 yana ƙara bugun zuciya da hawan jini, sai likita ya duba zuciyar tukuna. Shayin rage ƙiba na kasuwa kuwa, ta rabu da shi.