Wai da gaske ana iya tada kwamfuta daga filash ba sai an yi instolin ba?

Ƴar_Samaru:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sanin harkar kwamfuta ku taimaka min. Laftof ɗina HP ce mai Windows 10, ta ƙi tashi, tana nuna tambarin HP sai ta yi ta juyi daga baya ta kawo shuɗin allo, kuma duk furojet ɗina na ciki tun daga babi na ɗaya har na huɗu. Mai gyaran da na kai wa ya ce sai dai a yi fomatin, wlh hankalina ya tashi. Wani ɗan ajinmu ya ce ana iya sa Linux, wata babbar manhaja irin Windows, a filash a kunna ta da shi ba tare da an taɓa abin da ke ciki ba. Gaskiya ne? Kuma ba zai goge min komai ba?

Mai_Gyara_Kano:
Wa alaikumussalam ƙanwata. Gaskiya ɗan ajinku ya faɗa miki, kar ki yarda a yi fomatin tukuna. Ai abin ya daɗe, tun shekarar 2000 Knoppix, wani nau'in Linux, ya fito wanda ake tada kwamfuta da shi daga faifan CD, yanzu dai filash ya maye gurbin faifai. Yadda abin yake, kwamfutar za ta karanta manhajar daga filash ta riƙa aiki da ita a cikin RAM, wato ma'ajiyarta ta wucin gadi, shi had disk ɗinki yana gefe ba a rubuta masa komai, sai dai ki buɗe shi kamar folda ki kwashi kayanki.

Ki samu filash mai 8GB wanda ba komai a ciki domin za a share shi tas, sai ki ari kwamfutar wani ki sauke Linux Mint, ki zaɓi nau'insa mai suna Xfce ya fi sauƙin nauyi ga tsohuwar na'ura, girmansa wajen 3GB ne don haka gara ki yi da datar dare. Ki sauke Rufus, manhajar da ke sa Linux ɗin a filash, shi ma kyauta ne, ki buɗe ki nuna masa fayil ɗin ISO, wato Linux Mint ɗin da kika sauke, da filash ɗin ki danna Start. In ya gama ki soka a laftof ɗinki ki kunna ki yi ta danna Esc, sai F9, jerin abubuwan da za ta iya tashi da su zai fito ki zaɓi USB. Masu Dell da Lenovo yawanci F12 ne nasu.

Abu ɗaya nake roƙonki, a kan allon za ki ga wani tambari an rubuta Install Linux Mint, kada hannunki ya je gun, ta nan ana iya kaiwa ga share had disk. Ki buɗe wajen fayiloli, had disk ɗin zai fito a gefen hagu, ki shiga Users, sunanki, sannan Documents ko Desktop. Ki tanadi filash na biyu da za ki zuba aikin a ciki, ko ki jona waya da kebul.

Abban_Sadiq:
Malam ya yi bayani Allah ya saka. Sai dai a ƙara mata da zancen BitLocker, wasu laftof ɗin suna zuwa da had disk a kulle, in haka ne Linux zai nemi wata lamba mai tsawo guda 48, yawanci tana cikin akawun ɗin Microsoft na mai kwamfutar. Sannan in kin ji had disk yana ƙas ƙas ko kwafin yana tsayawa to shi ne ke mutuwa, ki fara da furojet kafin hotuna da bidiyo, kar ki tsaya kallon komai.

Kuma a kula da filash ɗin bogi da ya cika kasuwa, a jiki an rubuta 64GB alhali cikinsa bai kai ko rabin rabi ba, yana karɓar fayil lafiya lau sai ka zo buɗewa ka tarar ya lalace. Manhajar H2testw tana tona asirinsu. In da hali a sayi USB 3.0, mai shuɗin baki, ya fi gudu nesa ba kusa ba.

Ɗan_Maraɗi:
To ni tambayata, in mutum had disk ɗinsa ya mutu gaba ɗaya kuma ba kuɗin sabo, zai iya ci gaba da aiki da filash ɗin kawai? Don na ji an ce da ka kashe komai ya tafi.

Mai_Gyara_Kano:
Eh haka ne ɗan'uwa, tunda a RAM yake, da an kashe ko batir ya mutu shikenan, har fasuwod ɗin wifi sai ka sake sawa. Amma a Rufus akwai wajen da aka rubuta persistent partition, in ka ja shi ka ware masa wani ɓangare na filash to zai riƙa ajiye maka abin da ka yi. Akwai kuma Puppy Linux da ya fito tun 2003, ɗan ƙarami ne yana shigewa RAM gaba ɗaya, lokacin kashewa ya tambaye ka ko zai adana. Ni dai ba na son mutum ya dogara da haka wata da watanni, filash ba a yi shi don yawan rubutu irin na babbar manhaja ba, yana gajiya ya mutu ba sallama. Ka lallaɓa da shi kafin ka tara kuɗin ƙaramin SSD.

Ƴar_Samaru:
Alhamdulillah Yaya ta tashi!! Ga furojet ɗina na gani a Documents, na kwafa a filash ɗin ƙawata na kuma tura wa kaina ta imel ta wayata. Nagode sosai Allah ya ƙara basira. Wifi ne kawai bai fito ba sam.

Abban_Sadiq:
Masha Allah. Wifi ɗin wataƙila katin kamfanin Broadcom ne, yana buƙatar direba daban. Ki jona wayarki da kebul ki kunna USB tethering, intanet zai zo nan take. Kuma ki buɗe babin ɗaya bayan ɗaya a wata kwamfutar ki tabbatar suna buɗewa kafin ki mayar wa mai gyara.